Kunun zaki da zirri'a (tsiron dawa), ba sukari

Maman Hanan, Wad Madani, Sudan: Salamu alaikum. Tukunya ɗaya da rariya kawai gare ni. Yaya zan yi kunun zaki da tsiron dawa ya yi zaƙi?

Hajiya Mai Kunu: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Jiƙa gero kofi 4 ya kwana, a markaɗa da citta da kanumfari. Ki raba ƙullun uku, ki dama kashi biyu da tafasasshen ruwa ya yi kauri. Ragowar ki gauraya da garin zirri'a kofi 1, ki juye ciki.

Ɗan Mai Wurno: Amma Hajiya, kada ta juye yana tururi, zafin kashe ƙarfin tsiron yake. Ya huce zuwa digiri 60 tukuna. In ya tsinke, zaƙi ya fito.

Hajiya Mai Kunu: Haka ne. Da zafin nan in kin bar shi awa 5 ta isa, in ya kwana tsami zai yi. Ki tace, sai firji.