Naitiros a motar sabon shiga: bam ne ko kuwa?

Sadiku: Salamu alaikum manya. Motata mai silinda huɗu ce, ƙarfin doki 150, ba a taɓa buɗe injinta ba. Ina so in sa mata naitiros, iskar kwalbar nan da ake fesa wa inji don ƙara masa ƙarfi, ɗan ƙarami, na ƙarin doki 50. Malam Habu ya ce duk sabon shigan da ya ɗaura kwalbar nan, bam ya ɗaura wa kansa. Shi ne na kawo maganar gabanku.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Ni na faɗa, kuma ina nan a kan bakana. Kwalba ce mai matsin da ya haura psi 900, tana kwance a but, a bayanka. Injin da kamfani ya auna wa doki 150 ka ce da danna maɓalli sai ya ba da 200? Fistin zai huje ne kawai.

Oga Ɗanlami: Allah ya gafarta Malam, naitiros shi kansa ba ya kamawa da wuta. Oksijin yake ɗauke da shi. A iskar da muke shaƙa oksijin kusan kashi 23 ne cikin 100 na nauyinta, a naitiros kuwa kusan 36. Idan ya shiga silinda zafi ya doshi digiri 300 a ma'aunin Celsius, sai ya rabu ya saki oksijin ɗin. Ƙarfin da ake ji daga ƙarin fetur ɗin da oksijin ya ƙone yake fitowa. To idan naitiros ya shiga fetur bai biyo shi daidai ba, wutar takan yi zafin da ya wuce kima, nan fistin ke narkewa. Ƙarancin mai ke kashe inji. Abin ma ba sabo ba ne, Jamus ta sa shi a jiragen yaƙinta tun yaƙin duniya na biyu.

Malam Habu: Jiragen nan injiniyoyi ke lura da su. Yaron nan wa zai tsaya masa?

Injiniya Safiya: Malam yana da gaskiya a kan kwalbar, ko da yake ba ta inda ya biyo ba. Ruwa-ruwa ake ajiye naitiros a ciki, kuma matsinsa da zafi yake tafiya. Da zafin kwalba ya wuce digiri 36 da ɗoriya, ba ya zama ruwa kuma, matsi sai ya yi ta hauhawa. But ɗin motar da aka bari a rana kuwa ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. Shi ya sa bakin kwalbar ke da wani ɗan faifai da ke fashewa wajen psi 3,000 ya saki iskar kafin ƙarfe ya gaza. Sai a haɗa masa bututu ya fita wajen mota, don kar ya cika cikin mota direba na zaune. Wanda kuma yake gasa kwalba da harshen wuta don matsi ya tashi, wannan kam Malam ka kira shi duk sunan da ka ga dama. Akwai hita ta lantarki mai kashe kanta, ita aka yi don wannan.

Bala Totur: Ku dai kuna ta tsorata yaro. Sadiku, doki 50 ko ji ba za ka yi ba. Sa na 100 ka wuce wajen.

Oga Ɗanlami: Haba Bala! 50 a kan 150 kashi ɗaya bisa uku ke nan, yaya za a ce ba za a ji ba? Kuma irin wannan shawarar ita ke kai injuna gareji. Girman ramin nozul, wato bakin da ke fesa naitiros ɗin, ke yanke yawan abin da zai shiga, canza shi bai fi aikin minti kaɗan ba, sai mutum ya ɗanɗana 50 ya ce bari ya gwada 75, gobe 100, alhali famfon mai da fistin suna nan yadda kamfani ya bar su.

Sadiku, ƙanena, saurara. Kar naitiros ɗin ya taɓa buɗewa sai ka take totur har ƙasa gaba ɗaya, kuma inji ya wuce juyi 3,000 a minti. Dalili shi ne nozul yawan da yake fesawa a daƙiƙa ɗaya ba ya canzawa. Inji na juyi 2,000, kowane bugun fistin zai haɗiyi ninki biyu na abin da zai haɗiya a 4,000. Nan sandar fistin ke lanƙwashewa, ko wuta ta dawo baya ta fasa hanyar shigar iska. Akwai makunnin da ke buɗe shi a juyi kaza ya rufe a juyi kaza. Ka sa ya rufe kafin inji ya kai iyakarsa, domin wasu motocin fetur suke yankewa a nan, naitiros kuwa yana ci gaba da zuba.

Injiniya Safiya: A ƙara da makunnin da ke yanke naitiros da zarar matsin fetur ya faɗi. Ni a wajena shi ne na farko. Kuma ga sabon shiga na fi son irin wanda ke fesa naitiros da fetur ɗinsa tare, a kan wanda ke fesa naitiros zalla ya bar wa kwamfutar mota ƙarin mai.

Bala Totur: Nan kuma ban yarda ba, Injiniya. Mai fesa su tare shi ne fetur ke taruwa a hanyar iska ya yi bindiga.

Injiniya Safiya: Yana faruwa, musamman in an buɗe a ƙaramin juyi. Amma ɗayan sai wanda ya iya saita kwamfuta, kuma ya tabbatar nozul-nozul ɗin mai na motar za su iya ba da ƙarin. Sadiku bai kai nan ba tukuna.

Sadiku: Gaskiya ban kai ba. Oga, fulogi da tayimin fa?

Oga Ɗanlami: Tayimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, a ja shi baya kamar digiri 2 a kowane doki 50. Fulogi a sa mai sanyi da mataki ɗaya, wato wanda ya fi saurin fitar da zafi, a ɗan matse bakinsa, a sha fetur mai oktan mafi girma da za ka samu, wato wanda ya fi jure matsi da zafi bai kama da kansa ba. Bayan gwaji na farko ka kashe mota ka kwance fulogin duka ka kai su haske. In ka ga ɗigo-ɗigo baƙi ko masu ƙyalli a jikin farin tangaran ɗin, ko ƙarfen bakin ya fara cinyewa, tsaya nan. Masu ƙyallin nan daga fistin ɗinka suka fito. In ka gama, rufe kwalba da hannu. Bawul ɗin da ke sakin naitiros zai iya yoyo cikin dare ya cika inji, da safe ka murɗa makulli ka ji ƙara.

Malam Habu: To kun ji jerin sharuɗɗan da kuka lissafo da bakinku. Abin da sai an cika duk wannan kafin ya zauna lafiya, shi kuke ce wa na sabon shiga? Kuma ba wanda ya yi maganar kuloci da birki da taya. Ba wanda ya ce masa wurare da dama doka ta hana amfani da shi a kan titi, sai filin tsere.

Injiniya Safiya: Wannan ta ƙarshe na ba ka, Malam. Filin tsere kawai, kuma a miƙaƙƙiyar hanya.

Malam Habu: Sauran ma za ki ba ni.

Oga Ɗanlami: Sadiku, kafin ka sayi komai a auna maka kwamfureshan, wato ƙarfin matsi, na silinda huɗun da matsin famfon mai. Turo mana lambobin mu gani. In silinda ɗaya ta yi ƙasa da 'yan'uwanta sosai, ni ma ina bayan Malam.