Layukan bod ɗina suna yankewa, ina neman shawara

Mai gyaran inbata, Kassala:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara biyu ke nan ina haɗa bod ɗin cajar sola, wato allon da'irar lantarki, a gida, tunda yanzu a yi odar kaya daga Chaina su iso Kassala sai wanda ya gani. Ina zana da'irar a manhajar KiCad, in buga da firintar leza a kan takardar mujalla mai santsi, in danne ta a kan bod da dutsen guga, sannan in tsoma a ruwan ferik, sinadarin da ke cinye jan ƙarfen da zanen bai rufe ba. Da IC ɗin ATmega328P mai tazarar ƙafa milimita 0.8 lafiya lau. Yanzu na koma STM32 mai ƙafa 48, tazara milimita 0.5, faɗin layuka milimita 0.2. Bod bakwai na ɓata a mako guda: wasu layukan sun haɗe, wasu sun tsinke. Abin ya dame ni ƙwarai, don bod ɗin da ya rage mini uku ne kacal.

Tsohon mai gyaran rediyo, Gadarif:
Wa alaikumus salam. Ɗana, minti nawa bod yake yi a cikin ferik? Haɗewar daga guga take, dannawa na baje hodar firintar. Tsinkewar kuwa ferik ne. Kaurin jan ƙarfen maikuron 35 ne (milimita 0.035), kuma ruwan ba ƙasa kaɗai yake ci ba, yana shiga ta gefe ya rarake ƙarƙashin layi. In ya daɗe, siririn layi ba ya kai labari.

Mai gyaran inbata, Kassala:
Wajen minti 40, Baba. Ruwan tun na bara ne, har ya yi duhu.

Tsohon mai gyaran rediyo, Gadarif:
To ga ɓarawonka nan. Haɗa sabo, ka ɗora robar cikin ruwan ɗumi kamar digiri 40, kana jijjigawa ba tsayawa. Tsohon kuma kada ka tuttular a kwata, jan ƙarfen da ya narke a ciki guba ne. Zuba masa sodar wanki ya kwanta tukuna.

Ɗalibar injiniya, Fot Sudan:
Yaya, maganar Baba gaskiya ce, amma ni 0.2 bai taɓa fito mini da guga ba. Firinta mai 600 dpi (ɗigo 600 a inci ɗaya) ɗigo biyar ma bai cika ba a faɗin layin nan, ɗan motsi kaɗan ya lalace. Shuɗiyar ledar nan mai jin haske nake amfani da ita. Ka goge bod da asiton, ka manna ledar da injin laminatin, ka buga zanen a juye a kan farar leda mai gani-gani, wato layukan su zama fili, sauran wuri baƙi. Gefen hodar ne zai kwanta a kan bod, ka danne da gilashi. Fitilar busar da farce ta masu kwalliya ta isa wajen haska ledar. Kafin ka taɓa bod na gaske, yanki ɗan ƙyalle ka gwada daƙiƙa daban-daban. Bayan haskawa jira minti 15, ka ɓare ledar sama, ka wanke da sodar wanki giram 10 a lita ɗaya. Kuma kada ka ɗebi ruwan tankin saman ɗaki da rana, zafinsa ya taɓa kwashe mini layuka. Na randa nake sirkawa da shi.

Mai gyaran inbata, Kassala:
Allah ya saka muku da alheri. Na haɗa sabon ferik daren jiya, minti 12 ya cinye, ba layin da ya tsinke. Ƙafafu huɗu ne suka haɗe, na raba su da reza. Ƙanwata, ledar nan a firij kike ajiye ta? Nan wuta sai ta wuni ba ta zo ba.