Neman kalma kafin jibi: me za mu kira "koriya" a rediyo?

Mai shirin lafiya, Katsina: Salamu alaikum. Jibi zan shiga sutudiyo, kalmomi uku sun gagare ni. Rumatik fiba, mai biyo bayan ciwon maƙogwaro da mako 2 zuwa 3, garkuwar jiki ta juyo kan gaɓɓai da ƙofofin zuciya. Koriya, motsin da yaro ba ya iya tsayarwa, wanda rumatik fiba kan jawo. Sai ciwon Takayasu.

Nas, Ƙofar Ƙaura: Na farko "zazzaɓin gaɓɓai". Kada ki ce amosani, za a ɗauka ciwon tsofaffi ne, alhali 'yan shekara 5 zuwa 15 ya fi kamawa.

Malamin Hausa, Daura: Koriya kuwa "rawar gaɓɓai". Asalinta Girkanci ce, ma'anarta rawa. Sydenham, wani likitan Ingila, ya siffanta ciwon tun 1686.

Nas: Allah ya gafarta Malam, ban yarda ba. Da ta ce rawa, uwa za ta ce iska ce. Na ga yarinyar da kofi ke suɓuce mata, rubutunta ya lalace, aka yi ta hayaƙi, ashe zuciya ta taɓu. Allurar fenisilin take buƙata duk mako 3 ko 4, shekara da shekaru. "Fizgar gaɓɓai" nake so.

Ɗalibi: A bar shi koriya mana, kamar taifot.

Malamin Hausa: Yaro, a zaci ƙasar Koriya ake nufi? Mu a Daura, tushen Hausa, ba mu yi talaucin kalma ba.

Ɗalibi: Amma Baba, Kananci ake karanta labarai da shi.

Malamin Hausa: Wa ya haifi Bagauda?

Mai shiri: Don Allah, jibi fa!

Likita: Hajiya, Takayasu sunan likitan ido ne a Japan da ya ba da rahoton ciwon a 1908. Ki ce "kumburin babbar jijiyar jini", kada ki jefar da "jini", don jijiya a Hausa ta yi yawa. Ya fi kama 'yan mata, bugun jini a wuyan hannu yakan ɓace. An samu marasa lafiya ƙalilan masu Takayasu da rumatik fiba tare, duka kuma rikicin garkuwar jiki ne, amma kada ki ce wannan ke jawo wancan.

Mai shiri: Na ɗauki zazzaɓin gaɓɓai da fizgar gaɓɓai. Ta uku ta yi tsawo, haka zan karanta ta.

Malamin Hausa: Fizga ta fi kusa da farfaɗiya. Amma tunda maganar ran yara ce, ku je da ita wannan makon.