Kumburi ya hana ni gwada jijiyar idon sawu

Assalamu alaikum, likitocin ƙashi. Ina aiki a ƙaramin asibiti a karkarar Argungu, ba mu da na'urar hoton ƙashi. An kawo matashin da ya yi targaɗe wajen ƙwallo, idon sawunsa ya kumbura suntum ta waje. Na bi ƙa'idojin Ottawa, waɗanda ake bi don gane ko raunin na buƙatar hoton ƙashi: yana iya taku 4, ƙashin ba ya zafi idan an danna. Na matsa ɗambubunsa yana rub da ciki, tafin ya motsa, wato agara ba ta tsinke ba. Amma da na riƙe ƙwauri na janyo dunduniya gaba don gwada jijiyar idon sawun, sai ya sandare ƙafar saboda raɗaɗi, na kasa tantance komai. Shin in jira kwana 5 kumburin ya saɓe in sake gwajin, ko in tura shi Birnin Kebbi yanzu?