Sabuwar nas ce ni, CV ɗina ya kasa samo min aiki

Assalamu alaikum, manyanmu a aikin jinya. Bara na kammala makaranta, na ci jarrabawar Hukumar Jinya da Ungozoma ta Najeriya, lasisina yana hannu. Asibitoci 4 na kai wa takarda, har yau shiru, abin ya fara damuna.

Gurbin ƙwarewar aiki na CV ɗin ne ya tsaya min. Ban taɓa aikin albashi ba, amma lokacin horo na zauna a ɗakin haihuwa, sashen yara da na gaggawa. Na iya ɗaura ƙarin ruwa, wankin ciwo, awon hawan jini. A nan zan rubuta su, ko ƙarƙashin karatu?

Wasiƙar neman aikin kuwa, abin da ke CV nake maimaitawa. Me metiron, wato shugabar ma'aikatan jinya, ke fara dubawa? Don Allah ku haska min.