Karatun digiri na biyu a Ingila: me bizar ɗalibi ta halatta mini, me ta hana?

Ɗan Zariya:
Assalamu alaikum, manyanmu. Na samu gurbin digiri na biyu na shekara ɗaya a wata jami'a a arewacin Ingila, kuma an turo mini lambar CAS, wato shaidar da jami'a ke bayarwa cewa ta karɓe ni, wadda ake neman biza da ita. Mahaifina ya biya rabin kuɗin makaranta, ni kuma ina tunanin idan na isa in yi aiki in cike sauran. Wasu sun ce awa 20 kawai aka yarda a mako, wasu sun ce babu mai bincikawa. Don Allah wanda ya san dokar ya fayyace mini, kuma ya gaya mini haƙƙin da nake da shi idan mai aiki ko mai gida ya nemi cutata.

Malam Garba:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya albarka a karatun. Amma wannan lissafi na cike kuɗin makaranta da aiki, ka sake shi tun kana gida.

Awa 20 ne a mako lokacin da ake karatu, kuma makon yana farawa ne daga Litinin zuwa Lahadi. Ba a haɗa makonni a raba: idan ka yi awa 10 a wannan makon, ba ka da ikon yin 30 a na gaba. In wuraren aikinka biyu ne, jimillarsu ake dubawa. A Afrilun 2025 an tsayar da mafi ƙarancin albashi ga ɗan shekara 21 zuwa sama a kan fam 12.21 a awa, wato kusan fam 244 a mako, fam dubu ɗaya da 'yan kai a wata. Ita kanta gwamnatin Birtaniya, daga Nuwamban 2025, fam 1,171 take ƙiyasta ɗalibi zai kashe a wata a wajen Landan, a Landan kuma 1,529. To ka ga albashin da ƙyar zai riƙe haya da abinci da kuɗin mota, balle kuɗin makaranta.

Masu cewa babu mai bincikawa ba su san yadda abin yake tafiya ba. Duk albashin da aka biya ka yana shiga kundin hukumar haraji da lambarka ta inshorar ƙasa, kuma hukumar shige da fice tana iya ganinsa, musamman ranar da ka nemi sabuwar biza. Mai aikin ma ba zai rufa maka asiri ba, domin tarar ɗaukar wanda ba shi da izini tana kaiwa fam 45,000 a kan mutum ɗaya a karon farko.

Inda ɗaliban digiri na biyu suka fi faɗawa shi ne lokacin rubuta kundin bincike, daga Yuni zuwa Satumba. Ba a shiga aji, sai mutum ya ɗauka hutu ne ya kama aikin cikakken lokaci. A yawancin jami'o'i wannan lokacin karatu ne, awa 20 ɗin na nan daram. Kafin ka ƙara ko awa ɗaya, ka karɓi takardar ranakun zangon karatu daga ofishin ɗaliban ƙasashen waje, domin mai aikin ma ita doka ta ce ya ajiye.

Akwai kuma aikin da ko na awa ɗaya ne haramun ne a wannan biza, wato duk sana'ar da kai ne ubangidan kanka. Kai abinci a keke ta manhajojin Deliveroo ko Uber Eats yana ciki, haka kitso ko aski a ɗaki ana biyanka, haka saro kaya kana sayarwa a intanet.

Hajiya Rabi:
Malam Garba ya gama magana a kan aiki. Ni ɗana, abin da na fi jiye maka shi ne bashin makarantar. Bizarka a hannun jami'a take rataye, ita ta tsaya maka. In ka kasa biyan kashi na biyu a kan lokaci, sukan fara rufe maka shafin karatu da katin laburare, sannan su cire sunanka. Da zarar sun cire, wajibi ne su sanar da hukumar shige da fice cikin kwanakin aiki 10, ita kuma yawanci sai ta rage bizar zuwa kwana 60: ko ka samu wata makarantar da sabuwar CAS, ko ka tattara ka dawo. Haka ta faru da wasu ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside a 2024, bayan faɗuwar naira ta cinye abin da suka tara. Don haka duk abin da za a iya canzawa zuwa fam, a canza shi da wuri, kar a bar shi a naira ana jiran lokacin biya. In kuma ka hango ba za ka iya ba, ka rubuta wa sashen kuɗi kafin ranar ta zo, ka nemi a rarraba maka biyan. Wanda ya yi magana da wuri ana sauraronsa fiye da wanda ya yi shiru har aka rufe.

Halartar aji ma haka. Ana ɗaukar suna, da kati ko da manhaja, kuma ba wa aboki ya danna maka laifi ne babba. In rashin lafiya ce ko rasuwa ta sa za ka zo gida, ka nemi izini a rubuce tukuna, ka ajiye takardar likita ko shaidar rasuwar, saboda da su ake neman ƙarin lokacin jarrabawa.

Abu Safiyya:
Bari in taɓa ɓangaren haƙƙi, don tsoron biza yana sa yaranmu haɗiye zalunci. Kuɗin lafiyar da za ka biya tare da biza, fam 776 a shekara (na kwas ɗin wata 12 yakan kama 1,164 saboda ƙarin watannin bizar), ya ba ka damar ganin likita kyauta. Ka yi rajista da likitan unguwa a makon farko, kar ka bari sai ciwo ya kama ka. Tallafin gwamnati na marasa aiki ko na haya ne ba naka ba.

A wurin aiki, albashinka da hutunka daidai suke da na ɗan ƙasa, kuma dole a ba ka takardar albashi. Wanda ya ce zai riƙa ba ka kuɗi a hannu ƙasa da mafi ƙarancin albashi, ka guje shi, domin ran da ya hana ka kuɗinka ba ka da shaida. Babu mai ikon riƙe maka fasfo. Dokar daidaito ta 2010 ta hana a nuna maka bambanci saboda addini ko launin fata, a makaranta da wurin aiki da wurin neman gida.

A Ingila kuɗin ajiyar haya ba ya wuce na mako biyar a gidaje irin na ɗalibai, kuma mai gida sai ya saka shi a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30, ya ba ka shaida. Ranar da ka shiga, ka ɗauki hoton komai: tabon kafet, tsagewar bango, lambar mitar wuta da ta gas. Ɗalibin cikakken lokaci ba ya biyan harajin ƙaramar hukuma, amma sai ka kai musu takardar shaida daga jami'a, in ba haka ba takardar biya za ta yi ta zuwa. Kuma a matsayinka na ɗan Najeriya, ƙasar Kwamanwel, kana iya yin rajistar zaɓe ka jefa ƙuri'a.

Ɗan Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. In jami'ar ce da kanta ta zalunce ni fa, wa zan kai wa ƙara?

Hajiya Rabi:
Ka fara da masu ba da shawara na ƙungiyar ɗalibai, kyauta ne kuma ba a ƙarƙashin malamanka suke ba. Ka bi matakan ƙorafi na cikin jami'a har su ba ka wasiƙar da ke nuna an kammala matakan ƙorafin. Daga ranar wasiƙar kana da wata 12 ka kai wa ofishin OIA, mai duba ƙorafin ɗalibai a Ingila da Wales, shi ma ba a biya. Ba ya sauya makin da malami ya ba ka, amma yana duba ko an bi ƙa'ida. Duk abin da aka gaya maka da baki a ofis, ka koma ɗaki ka tura imel kana maimaita shi, da kwanan wata da sunan wanda ya faɗa.