Waɗanda suka taɓa zuwa Wadi Rum, a ba mu labari

Baban Hanifa, Birnin Kudu: Salamu alaikum. Ƙanena zai gama karatu a Jodan, ya dage in na je bikin yaye su sai ya kai ni Wadi Rum, wani kwari a hamadar ƙasar, wai can aka ɗauki fim ɗin The Martian na 2015. Anya ya kai a sha wahalarsa? Dutse dai muna da shi a gida.

Ɗan Gwaram: Yaya, ka je. Daga Amman tafiyar kamar awa huɗu ce, kudu sosai, wajen Aƙaba. A ƙauyen Rum Larabawan wurin za su kwashe ku a bayan a-kori-kura. Yashin ja wur ne, shi ya sa masu fim suka mai da shi duniyar Mas. Duwatsun kuma miƙewa suke tsaye daga cikin yashi, iska ta sassaƙe su. Abin da ya ɓata mini rai, direbanmu sai sauri yake: nan aka yi fim ɗin Lawrence of Arabia na 1962, nan na Dune, ku ɗau hoto mu wuce.

Maman Walida, Ringim: Ni sanyin ne ban manta ba. A watan Janairu muka je, rana na faɗuwa haƙora suka fara kaɗawa. Amma abincin dare ya biya. Zarb suke kiransa: rami ne da garwashi, a zura nama da kayan lambu, a rufe, a bi da yashi. A gabanmu aka tone, naman na saɓulewa daga ƙashi.

Malam na Kiyawa: Baban Hanifa, kai da ka tashi kusa da zanen shanun Dutsen Habude, kada ka bari a wuce da kai tsagin Khazali. Matsattsen lungu ne a cikin dutse, bangonsa cike da zanen mutane da dabbobi da tafin ƙafa, ga rubutun Samudawa da Nabatiyawa, mutanen da suka zauna yankin a zamanin da, har da tsohon Larabci. Waɗannan zane-zane na cikin dalilan da UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wurin a jerin kayan tarihi na duniya a 2011. Fim kuwa nuna maka yake kamar ɗan Adam bai taɓa taka wurin ba, alhali ga masu raƙuma na kiwo.

Baban Hanifa: Allah ya saka, Malam. To kwana ake yi ko a juyo?

Ɗan Gwaram: Ka kwana a tanti, Yaya. Ku daidaita kuɗi da wuraren tsayawa kafin ku hau mota, ka kuma tafi da rigar sanyi mai kauri.